Ɗigon Gyaran Don Telo

A Tamboril, in ka ce kana neman kantin Bienvenido Taveras, ba mai gane inda ka nufa. Sai ka ce kantin Don Bienve, nan take a nuna maka kwanar da ke bayan tashar 'yan babur, a kuma ce ka riƙe babbar leda. Mutumin nan tun da ya gaji kantin daga ubansa bai taɓa auna wa kowa abu daidai ba. Ba tauye awo yake yi ba, shi cutarsa ta ɗaya ɓangaren ce. Ka ce ya ba ka laba ɗaya ta shinkafa, zai zuba, allurar sikeli ta tsaya cak a kan laba ɗaya, ya dube ta ya gyaɗa kai, sannan wuyan hannunsa ya ɗan karkata, wata shinkafar cikin tafi ta bi baya. Gyara ke nan, abin da mu nan muke ce wa nyapa. Mai sayen ƙwai ya tafi da albasa, mai sayen albasa ya tafi da tafarnuwa. Tun yana ɗan mitsitsi ubansa ya faɗa masa cewa duk wanda ka auna wa daidai, kamar ka ce masa kar ya sake dawowa ne, shi kuwa ya riƙe maganar fiye da yadda ya riƙe addu'o'in coci.

Tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa, kantin Don Eleuterio Pichardo ne, wanda ake kira Telo. Dogo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Shi ma ba ya cutar kowa, labarsa laba ce ko a gaban alƙali. Amma in allura ta wuce da ƙwaya uku, sai ya sa yatsu biyu ya tsince ƙwaya ukun ya mayar cikin buhu, kana tsaye kana kallo. An taɓa ganin ya yanka salami, naman nan da ake curawa dogo kamar sanda, ya ɗan zarce, ya shafto rarar da wuƙa, siririya har ana hango titi ta cikinta, ya ajiye wa mai saye na gaba. Mutane ba sa shiga wurinsa sai in kantin Bienve ya cika, ko in sun yi cacar baki da Donya Casilda, matar Bienve.

Kullum da safe, suna ɗaga ƙofofin ƙarfe, gaisuwar ɗaya ce.

"Maƙwabci," in ji Bienve, "jiya ƙwayar shinkafa nawa ka ceto daga hannun talakawa?"

"Ba ta kai wadda kajin unguwa suka ci a ƙofarka ba," in ji Telo.

Sun tsufa a kan wannan. Ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa shan kofi tare ba.

Abu biyu Bienve yake so bayan kanti: taba da rawa. Tabar ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A garin da rabin mutane naɗa taba ce sana'arsu, wanda ka yi wa gyaran wake da safe shi zai ajiye maka ƙatuwar taba naɗin hannu da yamma, kuma mayar da kyauta rashin kunya ne. Haka ya yi ta zuƙa tun bai fara aski da reza ba. Rawa kuwa ta ranar Lahadi ce. Da la'asar sai ya ture buhuna gefe, ya fito da lasifika bakin ƙofa, ya saki kiɗan merenge, ya miƙa wa Casilda hannu kamar ranar ce suka fara haɗuwa. Ƙato ne mai tumbi, amma in ya kama ƙugunta sai ka rantse ba ya taka ƙasa. 'Yan domino sukan ajiye wasa su kalla. Telo ma yakan kalla daga tsallake, yana yi kamar goge sikeli yake yi.

Wata Lahadi, waƙa tana tsakiya, Bienve ya saki Casilda ya zauna a kan akwatin lemo. Ya ce takalmi ne ya matse shi. Casilda kuwa ta san tun aurensu bai taɓa barin waƙa ba ta ƙare ba, don haka da suka shiga ciki ta tuɓe masa safa da kanta. Ƙafar hagu ta yi sanyi ƙalau, ƙaramin yatsan ya yi baƙi-baƙi.

Likita Almonte, a Santiago, mace ce marar son zagaye. Ta latsa nan ta latsa can, ta ce taba ta matse hanyoyin jini. Ƙaramin yatsan da wuya ya tsira. Abin tambaya shi ne ko zai tafi shi kaɗai, ko zai ja ƙafar har gwiwa.

"Ka bar taba, in ga jini ya dawo, in cire yatsa ɗaya," ta ce. "Ka ci gaba, in cire daga nan." Ta ɗora gefen hannunta a ƙarƙashin gwiwarsa.

"Likita, ba ragi?"

"Nan ba kanti ba ne, Don Bienvenido."

A motar komawa bai yi wa kowa barkwanci ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, ba na mutuwa ba, na zama a kujera ranar Lahadi yana kallon wani yana juya masa mata.

Ya gwada bari kai tsaye. Kafin kofin rana ya zagi mai kawo burodi, ya zagi kyanwa, ya ce wa Casilda miyarta ba gishiri, maganar da ba a taɓa yi ba a gidan. Sai 'yarsu Yudelka, wadda ke aiki a kantin magani a New York, ta aiko da kwali ta hannun wani ɗan'uwa. A ciki akwai sigarin lantarki, wata 'yar na'ura mai fitar da tururi, wadda 'yan unguwa suka laƙaba wa suna sarewa tun ranar farko. Akwai kwalabe biyu na wani ruwa mai kauri marar launi, da ɗaya ta ƙamshin mangwaro, da wata 'yar ƙarama mai hoton ƙoƙon kai. Wannan ita ce nikotin, abin da jiki ke nema a cikin taba. Sai safar hannu, da sirinji, da wani ɗan sikeli mai lambobi wanda bai fi tafin hannu ba. Ta waya Yudelka ta yi bayani: shi zai riƙa haɗa ruwan da kansa, duk wata ta faɗa masa lambar da zai tsaya a kai, ana rage nikotin kaɗan-kaɗan har ya zama babu. Ta ce 'yar kwalbar nan guba ce, kar ta taɓa fata, kar a bar ta inda kyanwa za ta kai. Likita da aka gaya mata ta yamutsa fuska, ta ce ita ba ta son abin, amma in tsani ne na sauka ta yarda, muddin sauka za a yi ba zama ba.

"Papa, awon nan fa ba wasa," in ji Yudelka. "Ɗigo ɗaya yana canza komai."

"'Yar nan, ni za ki koya wa sikeli? Kafin a haife ki nake auna abu."

Ya ɗauki aikin da muhimmanci, wannan kam ba mai ƙwace masa. Ya share teburin baya, ya sa safar hannu, ya sa farar rigar gaba irin ta masu sayar da nama, ya hana kowa magana. Kuma abin ya karɓe shi. Bai ƙara marmarin taba ba ko sau ɗaya. Sai ma wani kuzari da ya zo masa: ya sake jera kayan kanti, ya yi wa ƙofa fenti, yana magana da sauri har masu saye suna cewa ya maimaita. Duk wata Yudelka ta rage lamba, duk wata ya ce shi bai ma ji bambanci ba. Yana busa tururin mangwaro ya tsallaka titi ya shiga kantin Telo, yana cewa ƙamshin kyauta ne, kar ya damu.

Da suka koma asibiti aka yi gwaji, likita ta daɗe tana kallon sakamakon.

"Zuƙa kake yi, ko kwalbar kake kafa wa kai?"

Nikotin da ke jikinsa ya fi na lokacin da yake shan taba. Baƙin yatsan kuma ya fara leƙa na kusa da shi. Bienve ya rantse da kabarin uwarsa cewa yana aunawa daidai, kuma ba ƙarya yake yi ba, shi dai a saninsa.

Ranar haɗi ta gaba Casilda ta jawo kujera ta zauna a gefensa, ta naɗe hannu. Ya ɗora kwalba a sikeli. Ya zuƙo nikotin da sirinji, yana ɗigawa a hankali, harshe a waje. Lamba ta hau, ta hau, ta tsaya daidai inda Yudelka ta ce. Ya dube ta ya gyaɗa kai. Sannan babban yatsansa ya ɗan danna, wani tsiri ya bi baya, ya miƙa hannu zai ɗauko ta mangwaro.

"Tsoho, me ka yi yanzu?"

"Na auna."

"Bayan aunawar."

"Ban yi komai ba."

Ta nuna masa sikelin. Lambar ta kusa ninkawa. Ya ce sikelin Amurka ne, bai saba da zafinmu ba. Aka zubar, aka sake. Wannan karon yana kallon yatsan kamar ɓarawon da ya sani, lamba ta tsaya, ya ja numfashi, ya juyo zai ce mata ta gani, yatsan ya danna. Karo na uku ta riƙe masa wuyan hannu, gumi ya karyo masa, ya ce ta sake shi, abin ba daɗin gani, kwalbar ta yi kama da ta marowaci. Ashe duk watannin nan, yadda lamba take raguwa haka tausayin kwalbar yake ƙaruwa a zuciyarsa, gyaran yana ƙara kauri.

Casilda ta ce to ita za ta yi. Matar da ba ta taɓa auna ruwan shinkafa ba, sai dai ta soka cokali a tsakiyar tukunya, in ya tsaya ta ce ya yi. Ta ture sikelin gefe, ta ɗaga kwalbar ga hasken taga, ta fara zubawa da ido. Yudelka, da ke kallo ta waya, ta ce in ba ta ajiye ba yanzu za ta hau jirgi.

Casilda ta ajiye. Ta wanke hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tsallaken titi. Bienve ya bi idonta ya gane.

"Tsohuwa, kar ki soma."

"Mutum ɗaya ne a garin nan hannunsa yake tsayawa inda aka ce ya tsaya."

"Gara a yanke ƙafar."

"Ƙafar ba taka ba ce kai kaɗai," ta ce. "Rabin rawar nawa ne."

Ta tsallaka. Duk layin ya leƙo, don ba wanda ya taɓa ganin ƙafarta a kantin nan. Ba a san abin da ta faɗa ba. An dai ga Telo ya rufe ƙofarsa da rana tsaka, ya goge tabarau, ya biyo ta a baya kamar mai zuwa ɗaukar gawa.

Telo bai gaisa da kowa ba. Ya dubi teburin ya ce yana rawa, aka sa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ya ce a kashe fanka, a rufe taga, iska tana taɓa sikeli. Ya ce Bienve ya koma can, numfashinsa ma iska ne. Ya saurari Yudelka har ta gama, ya sa ta maimaita lambar, ya sa safar hannu. Sannan ya ɗiga. Da lamba ta kusa, ya dakata, ya bar ɗigon ƙarshe yana lilo a bakin sirinji har Bienve ya fara addu'a a ransa ɗigon ya faɗa cikin kwalbar. Telo ya mayar da shi ciki.

"Maƙwabci, ai ya riga ya fito. Bar shi ya sauka mana."

"Ba na kwalbar nan ba ne."

Da zai tafi ya ɗauke 'yar kwalbar mai ƙoƙon kai ya sa a aljihu, ya ce a gidansa za ta riƙa kwana.

Daga nan Bienve ya san ana sauka. Watan farko ya yi ta hamma. Na biyu ya yi ta faɗa da rediyo. Yakan tsallaka da kofi a hannu, shi da bai taɓa kai wa Telo ko ruwa ba, ya zauna ya yabi tsabtar kantin, ya yabi marigayiya, sannan ya gangaro.

"Ɗigo ɗaya, Don Telo. Ba wanda zai sani."

"Sikeli zai sani."

"Don girman Allah. Mutum nawa na yi wa gyara a garin nan? Ni ba mai yi mini?"

"Ka yi wa kanka, ga inda ta kai ka."

Telo ya shanye kofin kuma, har ƙasa, ya miƙo masa kofin ya je ya wanke. Bienve ya koma yana cewa wannan mutum ko a ranar tashin ƙiyama sai ya nemi a sake auna masa zunubansa.

Ta wata hanyar ma ba dama. Casilda ta bi gidajen masu naɗa taba ta ce duk wanda ya ƙara ajiye wa mijinta kyauta, ita da shi ne. Telo kuwa, da yake masu sayensa ba su da yawa, yana da lokaci. Wuni yake yi a bakin ƙofa yana kallon tsallake ta saman tabarau. Ranar da wani baƙo ya kunna taba a gaban kanti, Bienve ya matso kusa da shi yana tambayarsa labarin garinsu, hanci a buɗe, sai aka ji tari daga tsallaken titi, guda ɗaya, busasshe. Bienve ya koma bayan tebur.

Yana jin haushin mutumin har cikin ransa. Amma wata safiya, yana sa safa, ya ji ɗumi a tafin ƙafar hagu, ɗumin da ya manta da shi. Ya kira Casilda ta taɓa. Ta riƙe ƙafar da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Da suka ɗaga ƙofa ranar, ya buɗe baki zai yi tambayar ƙwayar shinkafa, sai ya ce, "Maƙwabci, an tashi lafiya?" Telo ya dube shi da zargi, ya ce ba zai ƙara ko ɗigo ba.

Lamba ta kai babu. Telo ya haɗa kwalbar farko wadda ba komai a ciki sai ruwan tururi da mangwaro, ya auna su da tsanani kamar dā, ya kai sauran gubar kantin magani aka karɓe ta. Gwaji ya fito fes. Likita ta latsa ƙafar, ta ce jini ya dawo, na kusa ya tsira, ƙaramin ne kawai zai tafi.

Ranar aikin Telo ya sake rufe kanti ya bi su Santiago, ba wanda ya gayyace shi. Ana shirin tura gadon, ya tare likita, ya ce ta nuna masa inda za ta yanka. Ta dubi Casilda, Casilda ta ɗaga kafaɗa. Likita ta ciro biro ta ja ɗan layi a gindin yatsan. Telo ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya duba.

"Daidai nan," ya ce. "Kar ki wuce. Mutumin nan ya saba da bayar da ƙari, in kin tambaye shi zai ce ki haɗa da na kusa."

Bienve yana kwance yana dariya, hawaye na shiga masa kunne. Ya ce wa likita ta ji maganar dattijo, yau kam shi ma daidai yake so.

Ciwon ya ɗauki lokaci kafin ya warke. Sarewar tana nan, don hannu da baki sun saba, ko da yake likita ta ce ita ma ranarta na zuwa. Telo ya ci gaba da zuwa haɗi, wai mangwaro ma in ya yi yawa ɓarna ce. Lahadin da aka ce Bienve zai iya sa takalmi, da la'asar, Casilda tana waje tana sa 'yan domino su ture buhuna, Bienve da Telo suna teburin baya, fanka a kashe, taga a rufe. Telo ya ɗiga mangwaro, lamba ta tsaya inda take tsayawa. Bienve ya miƙa hannu zai ɗauki murfi. Telo bai janye ba. Ya tsaya yana kallon kwalbar, leɓensa a matse kamar mai haɗiye magani. Sannan yatsansa ya danna, ɗigo ɗaya ya faɗa, lamba ta motsa.

Bienve ya ga lambar. Ya san irin wuyar da sakin ɗigon nan ya yi wa mutumin.

"Maƙwabci," ya ce a hankali, "sikeli ya wuce."

"Iska ce."

"Taga a rufe take."

Telo ya cire safar hannu, ya ninke su, ya murɗa murfin da kyau, ya tura masa kwalbar. A waje lasifika ta ɗauka, Casilda tana kiran tsoho ya fito kafin waƙa ta yi nisa.

"Tashi ka je," in ji Telo. "Kuma in ka faɗa wa wani, zan ce ƙarya kake yi."